Shafukana Arba'in da Ɗaya

Ni dai ban roƙi kowa ya gyara mini kwamfuta ba. Wannan nake so a fara sani, domin har yau in maganar ta taso a gida sai maigidana ya ce, "Ai taimako ya yi niyya," sai ka ce an gan ni a bakin titi ina neman mai taimako.

Ɗinki nake yi, shekara goma sha tara ke nan, a wani shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran gashi. Keke biyu gare ni, da teburin yanka, da dutsen guga, da dogon madubi da ya tsage ta ƙasa. Sai wata tsohuwar laftof a kan ƙaramin tebur kusa da taga, harafi biyu sun ɓalle daga jikinta, fankarta tana huci kamar ta hau bene da kaya. Duk da haka aikina take yi, kuma ban taɓa kai ƙararta wurin kowa ba.

Ga yadda nake aiki. In mace ta kawo yadi, sai in auna ta in rubuta a littafin awo, sannan in zaunar da ita gaban kwamfutar in buɗe mata burauza, wato manhajar nan da ake shiga intanet da ita, ta yi ta duba hotunan riguna har ta ga wadda ta kwanta mata. Da ta ce "wannan," shi ke nan, sai mu bar shafin a buɗe. Mai zuwa bayanta a buɗe mata sabo a damansa. Shafukan nan da suka jeru a sama, daga hagu zuwa dama, su ne layin aikina, kuma yadda suke jere haka matan suke jere a littafin awo. Na farko daga hagu shi ne ke kan keke. Ranar da na goge riga na ninke ta, ranar nake rufe shafinta, kuma wanda bai taɓa ɗinki ba ba zai san daɗin wannan 'yar dannawar ba. Ko wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, in na kunna sai burauzata ta dawo mini da su cif, kowa a wurinsa. Ba na sauke hoto, ba na ajiye komai a wani wuri. Shekara bakwai haka, ban taɓa ɗinka wa wata rigar wata ba.

Mutum ɗaya ne wannan tsari ya tsaya wa a rai, ƙanin mijina, Injiniya. Kada sunan ya ruɗe ku, ko ƙofar ajin injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba, a ofishin sufuri yake aiki yana buga hatimi. Ya samo sunan ne yana ɗan shekara goma, ranar da ya kwance rediyon babansu don ya ƙara masa murya, rediyon bai sake cewa uffan ba. Yanzu ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya uku da tumbi, amma halin na nan. In ya shigo shagona, kafin ya gama gaisuwa idonsa na kan kwamfutar.

"Matar Yaya, har yanzu wannan burauzar mai alamar fitila kike fama da ita? Ai ta tsufa. Cin ƙwaƙwalwar kwamfuta take yi."

"Ta ci. Ba taka take ci ba."

"Akwai wata sabuwa mai alamar kibiya. Ga sauri, ga tsaro, ga toshe talla. Kafin ki ƙifta ido shafi ya buɗe."

"Wancan watan ba mai alamar gajimare kake yi wa waƙa ba?"

"Waccan na gano tana da matsala."

Burauza bakwai ya canza a shekara biyu. Kowacce in ya same ta sai ya rantse ba a taɓa yin irinta ba, bayan wata uku ta zama abokiyar gaba. Ni kuwa na gaya masa da baki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, cewa ya taɓa duk abin da yake so a shagon nan, har almakashina da ko maigidana bai isa ya yanka takarda da shi ba, amma ban da kwamfutar. Ya yi dariya ya ce ba na son ci gaba.

A cikin shafuka arba'in da ɗaya da ke buɗe a lokacin akwai na Sista. Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu, kuma tun ina da keke ɗaya a falon gida take kawo mini ɗinki. Mace ce mai faɗa da tsabta, in ta ga kalmasa ta karkace da faɗin zare sai ta sa an warware. 'Ya ɗaya gare ta, wadda tun tana rarrafe take kira Likita, ta yi ta kira har yarinyar ta shiga makarantar likitanci ta gama. Saura wata biyu a yaye su, Sista ta shigo da wani koren yadi mai nauyi a jaka.

"Rigar ranar yayewa nake so ki ɗinka mata, awonta na wurinki," ta ce. "Amma ki ji. Baƙar rigar nan ta masu digiri za ta rufe komai, wuya kaɗai za a gani. Don haka wuyan ne aikin. Kuma kada ta gani, kada ta ji, sai ranar."

Awa biyu ta yi gaban kwamfutar, tabarau a kan hanci, tana tsaki tana wucewa. Can ta ce, "Yawwa! Ga shi. Zo ki gani." Ni kuma ina kan keke, fil huɗu a bakina, ina fama da zif ɗin wata da za ta zo karɓa da yamma. Na ɗago kai daga nesa na ce, "Na gani, Sista, bar shi a buɗe." Ban gani ba. Abin da na hango kawai mace ce tsaye cikin doguwar riga. Na san shafin na nan, me zai sa in tashi?

Mako biyu bayan haka Sista ta faɗi a banɗaki. Ɓarin damanta ya shanye, magana ta ɗauke. Na je dubiya sau uku, kowane zuwa in dawo in zauna gaban keke in kasa taka shi. Shafinta yana ta matsowa hagu, ni kuma ina tsallake shi in ɗauki na bayansa, don zuciyata ba ta iya buɗe shi ba. Sai da ya rage kwana tara a yaye su Likita na ce yau dai sai na yanka.

Ranar Talata ce da hantsi. Na shimfiɗa koren yadin, na ga ba ni da zaren da ya dace da shi. Ina neman makullin shago sai ga Injiniya da wando a leda, wai a rage masa tsawo. "Je ki dawo, matar Yaya, ni zan tsare miki shago." Minti arba'in na yi, don mai zaren sai da ya hau tsani ya binciko.

Na dawo na tarar da shi a kujerar kwamfuta, ya harɗe ƙafa, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Zo ki ga abin mamaki."

Na leƙa. Fuskar kwamfutar fara fes, shafi ɗaya tal a sama, babu komai a cikinsa sai wata kibiya.

"Ina shafukana?"

"Waɗancan tarkacen? Su ne fa suka danne ta. Dubi yanzu." Ya danna wani abu, ya buɗe nan take. "Kin gani? Ko huci ta daina."

"Injiniya, ina burauzata?"

"Na cire ta."

"Mayar da ita."

"Ko na mayar, wayam za ta zo. Sabuwar ta tambaye ni ko ta kwaso kayan tsohuwar, na ce a'a, gara a fara da tsabta. Da zan cire tsohuwar ita ma ta tambaya ko a share har da tarihin, na ce a share."

Sau biyu! Na'urar da ba ta da rai ta tsaya ta tambaye shi har sau biyu, ka tabbata, ka tabbata, shi mai rai da hankali ya ce ya tabbata. A kan kayan da ba nasa ba, a shagon da ba nasa ba. Ledar da na shigo da ita ta faɗi daga hannuna, zaren ya gangara ƙarƙashin keke. Ban san lokacin da na fara ba, na dai ga mai fenti da mai gyaran gashi sun fito sun tsaya a ƙofa. Na yi masa wankin babban bargo. Na tono masa rediyon babansu, na tono masa fankar surukata da ya gyara ta koma juyawa da baya. Shi kuwa yana ta cewa, "Ki kwantar da hankalinki, intanet ba ya ɓatar da komai, duk suna nan."

"Suna ina?"

"Suna ciki."

"Rigunan duniya duka suna ciki! Wacce ce ta Sista?"

Nan ya sauke ƙafar da ya harɗe, don ya san Sista, ita ta ɗinke masa goshi lokacin da ya faɗo daga babur.

Na sa laftof ɗin a jaka, na sa shi gaba muka tafi wurin mai gyaran kwamfuta, a hawa na biyu na wani gini, ɗaki cike da matattun na'urori da warin dalma. Mai gyaran ya saurara, ya danna nan ya danna can, ya tambaye ni ko na taɓa buɗe asusu a tsohuwar burauzar don ta riƙa ajiye mini kayana a waje. Na ce ban ma san da shi ba. Ya girgiza kai.

"Hajiya, an share. Sai haƙuri." Sai ya juya ga Injiniya. "Amma kai ma, in canzawa za ka yi, me ya kai ka mai kibiya? Ai mai alamar makulli ta fi ta."

"Haba! Waccan mai nauyin tsiya?"

"An gyara ta a fitowar bana. Buɗe shafi ashirin ka gani."

Wallahi ina tsaye, kwamfutata a buɗe tsakaninsu, maza biyu masu gemu suka shiga musu a kan wacce ta fi sauri da rabin daƙiƙa. Minti goma suna yi. Babu wanda ya tambaye ni me nake yi da kwamfutar, ko me nake so ta riƙe mini. Na rufe ta, saura kaɗan in haɗa da yatsun mai gyaran, na fito.

A gida maigidana ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce taimako aka yi niyya. Na ce masa in na shiga wurin aikinsa na ga takardu sun yi yawa a tebur, na kwashe na ƙona don a fara da tsabta, ni ma taimako na yi niyya? Ya ce wannan daban. Na ce bambancin kawai shi ne nawa ɗinki ne, ɗinki kuma ba aiki ba ne a idonku. Sai ya tambaya ko akwai sauran ruwan zafi a fulas.

Mata arba'in na kira a waya cikin kwana biyu, ina ba da haƙuri a kan ɓarnar da ba ni na yi ba. Wasu sun turo hoto, wasu sun dawo sun sake zaɓa, wata ta ce dama ta canza ra'ayi, wata ta ce ba ta zaci haka daga gare ni ba. Duk wannan da sauƙi, masu baki ne. Ta arba'in da ɗaya ce ba ta da bakin da za ta gaya mini.

Injiniya ya ɗauki hutun kwana uku a ofis ya tare a shagona, wai sai ya nemo. Ban hana shi ba, ban kuma ba shi ko ruwa ba. Ya yi ta tambayata, "Wuyan zagaye ne ko mai kusurwa? Akwai maɓalli? Rigar hoton wane launi ce?" Kowace tambaya sai ta soke ni, don amsarsu ɗaya ce, kuma ba na son faɗarta a gabansa. A rana ta uku na faɗa.

"Ban gani ba. Ta ce in zo in gani, ban tashi ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ga sauƙi na shirin sauka a fuskarsa.

"Kada ka kuskura," na ce. "Laifina nawa ne, tsakanina da Sista. Bai rage naka da komai ba."

Saura kwana biyar na kira Likita na gaya mata komai. Sirrin da uwarta ta ba ni ajiya, ni na kwance shi da bakina, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Ta ce, "Anti, ku zo gobe da safe, lokacin ta fi ƙarfi."

Mun je da laftof, da koren yadin, da hotunan wuya sittin da Injiniya ya tara. Ɗakin Sista na nan yadda na san shi, fes, labule a goge, sai dai yanzu akwai kwalaben magani a kan durowa da keken guragu a ninke bayan ƙofa. An jingina ta da filo uku. Bakinta ya ɗan karkace, hannun dama a kwance a cinyarta, amma idon na nan, idon da ke hango karkatacciyar kalmasa tun daga ƙofa. Na durƙusa gefen gado na gaya mata, ban ɓoye nawa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta kalli Injiniya, shi kuma ya sunkuyar da kai yana neman wurin jona wuta a bango.

Muka fara. Hoto ya fito, ta kalla, ta lumshe ido, wato a'a. Wani ya fito, a'a. A na goma sha biyu Injiniya ya matso kusa da kunnena ya ce a hankali, "Kin dai ga yadda suke buɗewa da sauri." Da ba a ɗakin mara lafiya muke ba, da sai an raba mu. A na talatin Sista ta fara gajiya, a na arba'in da wani abu ta kawar da kai ga bango, hawaye na gangaro mata. Likita ta ce a bari haka.

Ina naɗe yadin zan mayar jaka sai na ji an riƙe gefensa. Hannun hagun Sista ne. Ta ja shi zuwa cinyarta, ta sa farce tana karta a kai, idonta na kan aljihuna. Shekara goma sha tara ta san abin da ba ya barin aljihun nan. Na ciro allin ɗinki.

Likita ta kawo babban tire muka shimfiɗa yadin a kai. Na auna kafaɗarta na sa ɗigo biyu, na bar tsakiya fili, na sa allin a yatsun Sista. Ba bahaguwa ba ce, hannun ma rawa yake yi. Allin ya faɗi sau biyu, Injiniya ya yi rarrafe ya tsinto shi a ƙarƙashin gado. Layin ya taso daga ɗigon hagu, ya sauko yana karkarwa, ya ɗan lanƙwasa, ya nutsa a tsakiya, sannan ya hau dama a gajiye, bai ma kai ɗigon ba, ya tsaya ƙasa da shi da faɗin yatsa biyu. Minti goma ta yi tana jan sa. Da ta gama ta saki allin ta rufe ido, gumi a goshinta.

Na duba, na ga kamar na fahimci inda ta nufa. "Na gane, Sista," na ce. "Zan daidaita shi, in ɗauki ɓarin hagu in maimaita a dama, ya fito sumul."

"A'a, Anti." Likita ce, tana tsaye a kaina. "Kada ki gyara komai. Yadda ta ja shi, haka za ki yanka."

"Ke, wuyan fa a karkace yake. Gaban mutane za ki tsaya, ga masu hoto."

"Na gani."

"Za a tambayi wa ta ɗinka."

"Sai in ce ke."

Na kalli Sista, macen da ta sha sa ni warware kalmasa saboda faɗin zare, ina jiran ta tsaya mini. Ta buɗe ido ta kalli layin, ta kalli 'yarta, gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa. Ba ta tsaya mini ba.

Wuyan riga a ninke ake yanka shi, don dama ta zo daidai da hagu. Wannan a buɗe na yanka shi, a shimfiɗe, ina bin allin Sista da bakin almakashi, duk inda hannunta ya yi rawa nawa ma ya bi. Na bi gefen da ɗinkin hannu don kada wata karkarwa ta ɓace a keke. Kwana uku na yi a kansa, kuma ban taɓa shan wahalar da ta kai ta fitar da karkataccen abu daidai yadda ya karkace ba. Ina yi ina kuka, ina yi ina zagin Injiniya a zuci, wani lokacin ma ba a zuci ba.

Mai gyaran gashi ta leƙo ranar da na rataye rigar. Ta karkata kai ta ce, "Maƙwabciya, ko dai ido ya fara ne? Ki je a auna miki tabarau." Na ce mata na gode. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai bakin layi, wai hannun mai ɗinki ya fara rawa.

Bayan an yaye su Likita na kira Injiniya na zaunar da shi. Na ce tunda ka san burauza, yau kai za ka yi bayani, ni zan zaɓa. Ya gyara zama zai fara kawo sauri da tsaro, na ce tsaya. In wuta ta ɗauke, wacce za ta dawo mini da shafukana yadda na bar su? Ya ce kusan duka, in an saita. Na ce wacce za ta ajiye mini su a wani wuri, ko da wani mai karambani ya zo ya share? Ya ce ita ma kusan duka, in an buɗe asusu.

"Har tsohuwar tawa?"

"Har ita."

"To a wata shida da ka yi kana yi mini wa'azin canza burauza, me ya hana ka gaya mini wannan?"

Ya ce ban tambaya ba.

Na ce ya mayar mini da mai fitilata. Ya mayar yana gunaguni, ya buɗe mini asusun, ya nuna mini yadda ake sauke hoto. Yanzu duk mai cewa "zo ki gani" sai na tashi daga keke na je na gani da idona, ko fil goma ne a bakina. Wuyan da Sista ta zaɓa ranar nan har yau ban san shi ba, ba kuma zan sani ba, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Likita ta turo mini hoto. Tana cikin baƙar rigar da hular nan mai faɗi, ta sunkuyo kan keken uwarta, koren wuyan ya fito fili, ɓari ɗaya ya fi ɗaya zurfi, hannun hagun Sista kuma yana riƙe da gefensa. Na ajiye shi wuri uku kamar yadda aka koya mini. Na kuma buɗe shi a shafi na farko daga hagu, sauran suka jeru a bayansa.

Makon jiya Injiniya ya zo karɓar wandonsa, wanda sai yanzu na ga damar rage wa tsawo. Ya tsaya bayan kujerar, hannu a aljihu kamar yadda na sharɗanta masa, yana ƙirga shafuka da ido.

"Talatin da takwas," ya ce. "Matar Yaya, ba don komai ba, wannan na farkon ai an gama aikinsa. Da kin rufe shi, da ta ɗan samu sauƙi."

Na ga hannun ya fara fitowa daga aljihu. Na ajiye almakashi a kan tebur inda zai ji ƙararsa.

"Taɓa ka gani," na ce.